Jamusancin Shagon Aski

Gabar Mai Aski da Jamusanci daga almakashi ta fara. Wata safiya ya gama shirin tafiya shago, ya nemi almakashinsa na gyaran gemu, wanda ko ƙuda ba ya yarda ya sauka a kai, sai ya gan shi a hannun Auta, tana zaune a tsakiyar falo tana ta daddatsa farin kwali da shi.

"Ke! Kin san abin da kwali yake yi wa bakin almakashi kuwa?"

"Katuna nake yi, Baba," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Kuma kai za ka riƙa yi mini tambaya."

Auta ma'aikaciyar jinya ce. Wani asibiti a Jamus ya ce zai ɗauke ta aiki, amma sai ta ci jarrabawar harshensu ta matakin farko. Yayyenta duk sun yi aure sun watse, mahaifiyarta ta daɗe da rasuwa, gidan ya rage daga ita sai uban. Duk wanda ya yi masa barka, Mai Aski yakan washe baki ya ce ai abin alfahari ne. Idan mutumin ya wuce kuma sai ya ji abinci ya fita masa a rai.

Tsarin katunan ba wuya. A gaba ta rubuta kalma da Hausa, a baya da Jamusanci, a ƙarƙashi kuma ta ƙara da ƙananan baƙaƙe yadda ake furta ta, don kada harshen Baba ya karye. Doka ɗaya ce: katin da ta ci a ajiye shi gefe, wanda ta faɗi a mayar da shi ƙasan sauran, ya sake zagayowa. Kullum bayan abincin yamma sai Mai Aski ya ɗauko tabaraunsa mai ƙafa ɗaya ɗaure da zare, ya cire robar da ke ɗaure da katunan, ya gyara murya kamar alƙali.

"Cokali."

"Der Löffel."

Ya juya katin, ya matso da shi kusa da hanci. "Duk wannan murɗe bakin a kan cokali? Kafin mutum ya gama roƙo ai abincin ya huce."

"Baba, na gaba."

Da a ce kullum ci take yi, da babu labari. Matsalar ita ce faɗuwa. Idan kalma ta ɓace mata, Auta takan cije leɓe ta bugi goshinta da tafin hannu, idanunta su ciko, irin fuskar da take yi tun tana ƙarama idan an kai ta allura. Mai Aski zai iya yi wa yaro mai ihu aski yana wuntsila ƙafa ba tare da ya ji komai ba, amma wannan fuskar ba ya iya kallonta. Akwai wani kati mai suna "jinkiri" da ya yi ta zagayowa yana kayar da ita, har ta ce ita kam ƙwaƙwalwarta ta toshe. Da ta tashi sauke butar shayi, sai uban ya dubi katin, ya dubi ƙofar kicin, ya zura shi a aljihu. Ya ce wa kansa gobe zai mayar, kuma wallahi a lokacin da gaske yake.

Washegari maimakon ya mayar, sai "laima" ta bi "jinkiri". Bayanta "firij", sai "matakala". Duk katin da ya sa 'yarsa cije leɓe, hukuncinsa aljihu. Katunan hannu suka yi ta ramewa har sai an ninka roba kafin ta riƙe su, Auta kuwa ta ce roba ce ta saki, kayan yanzu ba su da ƙarko. Ta daina faɗuwa kwata-kwata. Ta riƙa kiran yayarta a waya tana cewa, "Yaya, yau ma ko ɗaya ban ɓata ba!" Shi kuma yana gefe yana kurɓar shayi, yana gyaɗa kai irin na uban da ya yi tarbiyya.

Da yake ita ke yi masa wanki, aljihu ba wurin ajiya ba ne. Ya kwashe katunan ya kai shago, ya tura su can ƙarshen durowa, bayan kwalin reza da gwangwanin hoda. A nan Direba ya same su.

Direba tsohon matuƙin bas ne da ya yi ritaya. Kansa babu gashi ko na magani, amma kullum sai ya zo shago, wai a duba masa ƙeya. Ba ƙeya ke kawo shi ba, benci ne da hira. Ran nan yana laluben mataji, ko me zai taje oho, sai ya fito da damin katuna.

"Wannan fa? Caca ka fara da tsufanka?"

"Ajiye. Karatun Auta ne, waɗanda ta gama da su."

Direba ya karanta bayan ɗaya, ya bi ƙananan baƙaƙen a hankali, ya saki wata kalma da ta sa Tela na maƙwabta leƙowa ya ga ko wani ne ya ƙware. Shi ke nan, shago ya samu abin yi. Kafin mako ya zagayo an jera katunan a gefen madubi, sun kewaye shi kaf, har sun rufe hoton salon askin da ba wanda ya taɓa nema. Direba ya naɗa kansa shugaba, ya kafa doka: duk mai jiran layi sai ya amsa kati, wanda ya faɗi ya koma ƙarshen benci. Manyan mutane masu iyali suka riƙa zuwa da haddarsu. Direba kuwa ko ƙafar wani ya taka a titi sai ya ɗaga hannu ya ce, "Entschuldigung!" wato a yi haƙuri, ya bar mutum tsaye yana tunanin ko zaginsa aka yi.

Abin haushin shi ne, Mai Aski da ya fi kowa ƙin harshen ya fi kowa iya katunan. Mutumin da ke yini a tsaye gaban madubi ba shi da wajen kai ido. Yana gyara saje, "die Verspätung", wato jinkiri, na kallonsa. Yana kaɗe tawul, "die Treppe", wato matakala, na kallonsa. Suka shige masa kai ba sallama.

Ranar da asiri ya tonu, maganin hawan jini ya manta a gida. Auta ta taso daga aiki da rana ta gan shi a kan tebur, ta ɗauka ta nufi shago. Tun daga bakin titi ta jiyo muryar Direba.

"Laima!"

"Der Regenschirm!" benci ya amsa baki ɗaya.

Ta tsaya a ƙofa da ledar magani a hannu. Mai Aski na tsakiyar yi wa Tela aski, ya kwashe rabin kai saura rabi, sai ya hango ta ta cikin madubi, fuskarta a kewaye da rubutun hannunta. Injin aski ya ci gaba da kuka a iska.

"Ga malamarmu da kanta!" Direba ya miƙe da murna. "'Yata, waɗannan da kika gama da su mun cinye su. A kawo mana sababbi."

"Waɗanda na gama da su," Auta ta maimaita a hankali.

Ta shigo, ta ajiye maganin, ta bi madubin da kallo daga sama har ƙasa. Ga "jinkiri" da ta daina gani har ta ɗauka ta iya shi. Ga "firij". Ga "matakala".

"Baba, ni ina can ina kiran Yaya ina cika baki, ashe rabin Jamusancina yana nan yana kallon ƙeyar mutane?"

"Auta, ki saurara..."

"Jarrabawar saura kwana nawa? Ka sani ko ba ka sani ba? Da haka zan shiga, su tambaye ni laima in ce musu tana shagon babana?"

"Tausayinki na ji," ya ce da ƙaramar murya. "Kina dukan goshi."

"Goshina ne!"

Tela ya ɗaga yatsa daga ƙarƙashin tawul ya ce ko za a ƙarasa masa kan, amma ba wanda ya kula shi. Auta ta shiga ɓamɓare katunan tana jerawa a kan benci, mutane na matsawa. Can sai ta dakata. Ta ware wasu 'yan kaɗan gefe, ta daɗe tana dubansu.

"Waɗancan na yarda, suna ba ni wahala. Waɗannan fa? Akwati. Tikiti. Filin jirgi." Ta ɗago ta dube shi. "Ban taɓa faɗuwa a kansu ba, Baba. Ko sau ɗaya."

Direba ya ɗaga kai yana nazarin fankar sama kamar yau aka saka ta. Mai Aski ya kashe injin, ya buɗe baki zai ce rubutunsu ne ya dushe, ya ga ƙaryar ba za ta kai ko bakin ƙofa ba, ya rufe. Kunya ta rufe shi a gaban abokan cinikinsa, kuma kunyar ba ta kai tsoron ba. Tsoron falon nan yake ji idan babu ita, da kofin shayi ɗaya a kan tebur. Auta ta karanta duk wannan a fuskarsa. Faɗan ya fita daga muryarta, amma ba ta sassauta ba.

"To," ta ce, ta share ido da bayan hannu. "Tunda kun iya, ku za ku gyara ɓarnar. Kawu Tela, tashi ka ba ni kujera."

Haka Tela ya koma shagonsa da rabin kai a cikin hula. Daga ranar, kullum ta taso aiki sai ta zauna a kujera mai juyawa, benci ya yi mata ruwan tambayoyi. Direba ya fi malaman gaske tsanani, har agogo yake dubawa. Idan ta faɗi ta cije leɓe, sai Mai Aski ya juya baya ya kama wanke burushin da ya riga ya wanke, amma daga can zai ce, "Ba haka ba ne. Mayar da shi ƙasa." Hannunsa kan nufi aljihu da kansa, sai ya ba shi mataji ya riƙe.

Da safiyar jarrabawa ya raka ta tashar bas, ya yi ta maganganun da ba su da kai: ko ta ɗauki biro biyu, ko ta ci abinci. Da bas ɗin ta ɓullo daga kwana, sai ya cire hularsa ya zaro wani kati daga cikin naɗinta. Ya yi laushi da gumi da man gashi. Wannan bai taɓa ajiye shi a shago ba.

Ta karɓa ta duba. Bankwana.

"Der Abschied," ta ce, ba ta ko juya shi ba. "Na iya shi, Baba."

"Na sani. Ni ne ban iya ba."

Ta tsaya da katin a hannu, mai bas na danna hon. Sannan ta kama hannun uban, ta saka masa katin a tafi, ta naɗe yatsunsa a kai.

"Ka san doka. Wanda ba a iya ba, ba a ɓoye shi. Ƙasa ake mayar da shi ya sake zagayowa."

Ranar da sakamako ya fito ta ci, shago ya kaure da ihu. Direba ya ce dama shi bai taɓa yin ɗalibin da ya faɗi ba, Tela ya yi alkawarin ɗinka mata rigar sanyi. Mai Aski ya yi dariya da su har tabaraunsa ya zame. Da hayaniya ta lafa ya koma gaban madubi, inda yanzu kati ɗaya tak ke maƙale, na bankwana. Ya ciro shi, ya juya, ya bi ƙananan baƙaƙen yana motsa leɓe, ya kai rabi ya tsaya.

Direba, da ba ya barin kati ya wuce shi, wannan karon bai miƙa hannu ba.

"Yau ma?" ya tambaya.

"Yau ma," in ji Mai Aski. Ya mayar da katin ƙasan madubi, ya kaɗe tawul. "Akwai sauran kwanaki kafin jirgin. Wa ke kan layi?"