Dina Ƙarfe Sha Biyu

Granville Ackroyd ya sauka daga bas a Leeds ƙarfe sha ɗaya da rabi, sanye da kwat ɗin da ya sa ranar jana'izar matarsa. Kwat ɗin ta matse shi a kafaɗa, bai damu ba. Shekara uku rabonsa da 'yarsa Maxine, sai ranar Talata ta kira shi, ta ce iyayen Hugo, saurayin da za ta aura, za su zo daga kudu ranar Asabar, ya zo a ci dina tare. Ta faɗi sunan gidan abincin, ta kashe waya kafin ya gama cewa to.

Abin da yake so ba shi da yawa. Ya zauna a teburin nan, a nuna shi a ce ga uban amarya.

A ƙauyensu da tsakar rana ake cin dina, wato babban abincin yini. Haka ubansa ya ci ta a cikin ramin haƙar kwal, haka shi ma ya ci ta har aka rufe ramin. Abincin yamma kuwa shayi sunansa, ko da nama da dankali ne cike da faranti. Don haka sha biyu saura biyar ya goge takalmansa a ƙafar wando, ya tura ƙofar gidan abincin.

Ba kowa sai wata ma'aikaciya tana jera cokula. Ya ce yana da dina da Maxine Ackroyd. Ta duba littafinta, ta ce akwai sunan, amma ƙarfe bakwai na yamma ne. Ta faɗa tana ɗaga murya, kamar mai magana da kurma.

"Wa ke cin dina da bakwai?"

"Kowa ma, Baba."

Ya fita ya kira Maxine. Sai a kira na uku ta ɗauka. Ta yi wata sabuwar dariya mai fita ta hanci, ta ce ayya, ai a gari dina da dare ake nufi, ta manta ba ta gaya masa ba. Yanzu tana zagayawa da baƙi, ba ta iya barinsu. Ta kuma san bas ɗin ƙauye na ƙarshe shida da minti goma yake tashi, to kada ya wahalar da kansa, wata rana a haɗu.

Ya ce zai jira.

"Ka koma gida, Baba."

Bai koma ba. Ya shiga babbar kasuwa ya sayi kifi da soyayyen dankali, ya ci a tsaye, yana miƙa wuya don kada maiƙo ya taɓa kwat. Ya je ya kalli zakunan dutsen da ke gaban majalisar gari, ruwan sama ya cinye musu fuska. Ya bi ta layin shagunan nan mai rufin gilashi, wani mai gadi ya bi bayansa tun daga wannan ƙofa har waccan. Wajen ƙarfe uku aka tsuge da ruwa. Gidan giya huɗu ya wuce, duk da ɗumi da fitilu a ciki, bai shiga ko ɗaya ba. Wata goma sha huɗu ke nan bai kai giya baki ba, kuma yau yake son faɗa wa Maxine.

Ƙarfe shida ya je tasha, don dai ya ga tashin bas ɗin da idonsa. Direban, Malcolm, ɗan layinsu ne. Ya leƙo ta taga ya ƙare wa kwat ɗin kallo.

"Kai tsoho, wa ya mutu kuma?"

"Ba kowa. Surukai zan gani."

"To Allah ya ji ƙan surukan. Za ka hau ko a gari za ka kwana da 'yan mata?"

Granville ya ɗaga masa hannu. Bas ya tafi.

Kafin bakwai tituna sun cika. 'Yan mata ba rigar sanyi, samari na rera waƙar ƙwallo, kiɗa na tashi daga kowace ƙofa. Shi kuwa ya jiƙe har ƙashi, haƙoransa na haɗuwa. Ya koma gidan abincin, ma'aikaciyar ɗazu ta gane shi. Ta sake duba littafi, ta ce ai teburin na mutum huɗu ne, kuma duk sun zauna. Ya tambaye ta yaushe aka kama teburin. Ta ce tun Litinin.

Litinin. Ita kuma Talata ta kira shi. Shekara goma sha takwas yarinyar nan ta yi tana cin dina da rana a gidansa.

Duk da haka ya nufi teburin. Hugo ya miƙe, dogo, mai fararen haƙora, ya ba shi hannu yana waiwayen Maxine. Ita ba ta miƙe ba. Uwar Hugo ta dafa ƙirji, ta ce kai, da bai taso ba, ai Maxine ta yi musu bayani. Maxine ta ce musu an gayyace shi, amma yau ma shan giyar ya motsa tun da safe, har ya je wurin da rana yana rigima da ma'aikata. Uwar Hugo ta ce kada ya ji kunya, su ma suna da wani kawu mai irin wannan lalura.

Ya buɗe baki, sanyi ya riƙe masa harshe. Maganar ta fito a karkace.

"Wata goma sha huɗu ban sha ba."

"Madalla, madalla," in ji uban Hugo, yana yi wa manaja alama da ido.

Ya so ya yi musu bayanin dina da shayi. Ya fara, ya ji yadda abin ke fita, tsoho jiƙaƙƙe yana karkarwa yana gardama kan sunan abinci. Mutanen teburin kusa sun daina tauna. Manaja ya zo ya kama masa gwiwar hannu cikin ladabi, ya raka shi waje.

Maxine ta biyo shi bakin ƙofa, ta tsaya inda ruwa ba ya kaiwa. Ta ce Hugo ne ya dame ta sai an kira uban nata, shi ya sa ta kira.

"Da gaske mantawa kika yi, Maxi?"

"A gidanka na girma. Na san lokacin da kake cin abinci, in giya ta bar ka ka tashi da ƙafafunka." Ta gyara gashinta. "Na ce ka koma gida. Kai ne ba ka ji."

Ta koma ciki. Ta gilashi ya ga ta sunkuyar da kai tun kafin ta isa teburin, uwar Hugo ta kama hannunta ta riƙe da hannu biyu. Aka kawo miya, suka matsa faranti.

Ya tambayi mai gadin ƙofa ko ana barin mutum ya zauna a tasha har safe. Mai gadin ya ce bai sani ba, amma Granville ya ɗan matsa gefe, don yana tare wa mutane hanya.