Saƙon da Nortey Ya Mayar

Shekara talatin da ɗaya Maxwell Nortey ya yi yana buga takardu a wani ofishin gwamnati a Tamale, kuma ba a taɓa dawo masa da wasiƙa don kuskure ba. Mutumin Akra ne, aiki ya kawo shi arewa. Da ya yi ritaya sai ya gina gida mai ɗaki uku a Kalpohin ya zauna. Hausarsa ta kasuwa ce, wadda ya tsinta a wajen masu nama da masu doya. Turancinsa kuwa, ko lauya bai fi shi ba.

Don haka da satar babura ta yi yawa a unguwar, aka buɗe zauren tsaro a WhatsApp, shi aka ba shugabanci. Mutum ɗari biyu da goma sha huɗu ne a ciki. A watan farko zauren ya cika da gaisuwa da wa'azi da tallan sabulu da zage-zage, sai Nortey ya kulle shi. Daga ranar ba mai saka magana sai shi. Wanda ke da labari ya aiko masa, shi ya duba, ya saka. Dokokinsa biyu ne: ba ya sauraron saƙon murya, kuma rubutun da bai gyaru ba mayar wa mai shi yake yi. Har amsa ya ajiye a waya, dannawa kawai yake: a gyara, a sake aikowa.

Maƙwabciyarsa Fuseina, mai sayar da atamfa a babbar kasuwa, ta taɓa tare shi a ƙofar gida kan wannan.

"Baba Nortey, nan ba ofis ba ne fa. In ka gane abin da mutum ke nufi, ai magana ta ƙare."

"Madam," in ji shi, "mutum da bai kula da rubutu nasa ba, bai kula da gaskiya nasa ba."

"To ni da ban wuce aji huɗu ba, maƙaryaciya ke nan?"

"Ke, ki ba wani ya rubuta."

Ta yi dariya ta tayar da jan babur ɗinta ta wuce. Tsarin dai ya zauna. Surutu ya ragu, kuma mutanen unguwa suka saba da abu ɗaya: duk abin da ya fito ta hannun Nortey, an tantance shi.

Ranar Talata, da ƙarfe uku da minti goma na yamma, saƙo ya shigo daga Kobby, wani matashi ma'aikacin banki da ke haya a layin. Hoto ne da layi uku na Turanci. Wani baƙo mai riga duk baƙin mai ya fito da jan babur daga ƙofar Fuseina, bai tayar da shi ba, tura shi yake, ya nufi mahaɗar titi. A tare shi. Nortey ya karanta sau biyu. Ko waƙafi bai kuskure ba. Da uku da sha biyu ya saka a zaure.

Da uku da sha shida Fuseina ta aiko saƙon murya. Bai buɗe ba. Ta aiko na biyu. Ta kira, ya katse, domin maganar zaure a rubuce ake yi. Da uku da ashirin da ɗaya rubutu ya shigo daga gare ta, dogo, babu aya ko ɗaya, Dagbanci da Hausa da Turanci a cakuɗe. Surarsa kawai ya gani. Ya danna amsarsa, ya kifa wayar a kan tebur, ya koma kan shayinsa.

Ihun ya fara ne daga nesa, kamar na filin ƙwallo. Sai babura suka dinga wucewa ta ƙofarsa da gudu, duk gefe guda. Nortey ya zura silifas, ya ɗauki waya, ya bi su. Yana tafiya yana jin wani irin daɗi. Tsarinsa ya yi aiki.

A mahaɗar titi mutane sun kai sittin. Jan babur ɗin na kwance a cikin kwata. Mutumin da ke hoton yana ƙasa, an ɗaure masa ƙafafu da wayar lantarki, rigarsa ta rabe har cibiya. Biyu na dukansa da katakon rufi, ɗaya da bel ta wajen ƙarfen. An zazzage jakarsa, sufanu sun warwatse a kan kwalta, wani ya ɗauki babba a ciki yana sara masa a gwiwa. Mutumin ya daina kare fuskarsa. Hannunsa na dama a dunƙule yake a kan ƙirji, bakinsa na motsi, jini na fita tare da maganar, ba mai ji. Abdul-Nasir mai walda ya ratso taron da bulo a kafaɗa. Daga baya wasu na gangaro da tsohuwar taya, wani na tsiyayar fetur daga tankin babur ɗinsa cikin gorar ruwa.

Wayar Nortey ta motsa a hannunsa. Fuseina ce, ta sake aiko rubutun yadda yake, ko harafi ba ta taɓa ba. A tsaye a wurin ya karanta shi, kalma bayan kalma, kuma babu wadda bai gane ba. Babur ɗin nata ne, tun safe ya ƙi tashi. Ita ta kira Latif, bakaniken da ke yi mata gyara shekara bakwai, ta aika masa makulli, ta ce ya tura shi zuwa shagonsa a Changli. A ƙarshe ta rubuta, sau uku a jere, kada a taɓa shi.

Ƙarfe uku da minti talatin da biyar ne.

Ya tura saƙon cikin zaure. Ya ji wayoyi na ƙara a aljihun mutane ta ko'ina. Na gefe ƙalilan suka duba. Masu duka hannuwansu ba su da sarari.

Nortey ya kutsa. Shekararsa sittin da shida, bai taɓa ture kowa ba, ranar ya ture.

"Ku bari! Ku bari shi! Ba ɓarawo ba ne! Moto na Fuseina ne, shi ya aika shi!"

"Baba, koma baya," in ji Abdul-Nasir. "Kada jini ya taɓa ka."

"Na ce ba ɓarawo ba ne!"

"Ah ah! Ba kai ka rubuta ba? Ko yau ka fara ƙarya?"

Wani ya yi dariya. Bulon ya sauko a kan haƙarƙarin Latif, aka ji ƙarar kamar an taka busasshen kwando. Nortey ya faɗa a kansa, ya rufe shi da jikinsa. Katakon da aka riga aka ɗaga bai tsaya ba, ya same shi a tsintsiyar hannun dama. Tabaransa ya faɗi, aka taka. Aka kama shi ta wuyan riga ana ja. Ya ji sanyin fetur a bayansa, ya ji warinsa.

Da hannun hagu ya lalubo saƙon muryar farko, ya danna, ya ɗaga wayar sama iya tsawon hannunsa.

Muryar Fuseina ta fito, a shaƙe, da hayaniyar kasuwa a bayanta. Da Dagbanci ta fara, ta koma Hausa. "Baba Nortey, don Allah, don Annabi, goge hoton nan! Latif ne, fita na ne, mai gyara min babur, ni na aike shi! Makulli na na hannunsa!"

Kowa a wurin ya san muryar. Rabin matansu a wajenta suke yankan atamfa. Mai bel ya sauke hannu. Abdul-Nasir ya durƙusa ya buɗe yatsun Latif ɗaya bayan ɗaya. Makulli ne, a jikin zaren ƙananan duwatsu shuɗi da fari, irin wanda Fuseina ke ratayawa a wuya.

Taron ya fara zubewa daga baya. Cikin minti biyar mahaɗar ta koma titi, sai taya da gorar fetur da silifas guda bakwai marasa 'yan'uwa. Mutum huɗu ne suka tsaya. Suka tare motokin, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, suka kwantar da Latif a kan buhunan wofi. Nortey ya zauna ya ɗora kan Latif a cinya. Sau ɗaya Latif ya buɗe ido a hanya.

"Moto ɗin Hajiya Fuseina," in ji shi. "Yana cikin kwata."

Ya cika da ƙarfe huɗu da minti arba'in, a kan gadon tura marasa lafiya, a ƙofar ɗakin gaggawa.

Washegari bayan an dawo daga maƙabarta, wani mutum dogo mai furfura a gemu ya yi sallama a ƙofar Nortey. Ya ce sunansa Andani, daga Zogbeli, shi ne wan Latif. Nortey ya fito da hannu a filasta, bai daɗe da dawowa daga ba 'yan sanda bayani ba. Ya jawo kujera. Andani bai zauna ba.

"Kai ne mai zauren?"

"Ni ne."

"Hoton ƙanena na yawo. Har Kumasi ya kai, da kalmar ɓarawo a ƙasansa. Yana da 'ya'ya uku a Changli. Jibi za su koma makaranta."

Nortey ya miƙa masa wayar. "Na buɗe zauren. Ka faɗa da baki naka, kowa zai ji."

Andani ya dubi wayar, bai karɓa ba.

"A'a. An ce abin da ka rubuta shi ake yarda da shi. Rubuta."

Nortey ya zauna a kan dakali, ya ɗora wayar a gwiwa. Babu tabarau, kuma hannun da ya yi shekara talatin da ɗaya yana buga takardu na rataye a wuyansa. Da babban yatsan hagu ya dinga dannawa, Andani na tsaye a kansa yana faɗa. Abdul-Latif Tahidu. Bakanike. Shekara talatin da huɗu. Bai taɓa ɗaukar kayan kowa ba. Aikensa aka yi.

"Ka sa wanda ya saka hoton."

Nortey ya sa sunan kansa.

"Ka sa ƙarfe nawa matar ta gaya maka, da ƙarfe nawa ka karanta."

Ya sa uku da sha shida. Ya sa uku da talatin da biyar. Haruffa sun hau juna, wasu sun ɓace. Ya kai yatsa zai koma farkon layi.

"Aika," in ji Andani.

Ya aika. Andani ya jira har ya ga alamar saƙon ya tafi, sannan ya juya ya fita, bai yi sallama ba.

Kafin la'asar mutum talatin da ɗaya sun fice daga zauren, Kobby ne na farko. Hoton Latif, a lissafin da Nortey ya iya bi, ya shiga zauruka tara. Gyaran, mutum uku ne suka tura shi gaba, kuma ɗaya daga cikinsu Fuseina ce.