Cokali Ɗaya na Ƙasar Lambu

Ƙwayar yistin da na sa wa ƙwarina a matsayin abinci ranar Litinin tana nan, ba a taɓa ta ba. Na ƙwanƙwasa kwalbar, ba abin da ya yi tsalle. Wata bakwai ina kiwon ƙananan fararen ƙwarin ƙasan nan a ɗakin bincike, kuma a kansu digirina ya rataya.

Malamina ya leƙa ta madubin ƙara girma. "Jajayen nan masu ƙafa takwas, wa ya gayyato su? Sun cinye miki jama'a."

"Ƙasar lambunmu na zuba wa kowace kwalba cokali ɗaya, Malam. Gani na yi kamar suna kewar gida."

"Har kwalbar ajiya, wadda muka ware don kada irinsu ya ƙare?"

Na gyaɗa kai.

Ya mayar da murfin a hankali, ya ɗauki gilashinsa, ya fita.