Ƙarar da Ke Gudun Gareji

Motata ta tsiri wata ƙara da safe, ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana buga cokali a bakin kofi. Da na murza makulli sai ta fara, ta raka ni har babban titi, amma kafin in isa makarantar da nake koyarwa ta yi tsit. Na faɗa wa maigidana. Ya shiga ya zauna, ya karkata kai kamar wani masani, sai ya miƙa hannu ya ƙara muryar rediyo.

"To, ga shi na gyara," in ji shi.

Ban yi dariya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ni ce zan tsaya a tsakiyar titi da yara a baya ranar da injin ya buga.

Ni 'yar bakanike ce, sai dai albasa ba ta yi halin ruwa ba, don ko wurin zuba baƙin mai sai an nuna min. Mahaifina kuwa Mai Kunne ake ce masa a layin gareji. Yana da wata doguwar sukundireba mai mariƙin katako. In an kawo mota sai ya ɗora bakinta a jikin inji, ya manna mariƙin a kunnensa, ya rufe ido. Can sai ya buɗe ya ce, "Bawul ne," ko "Kada ku taɓa komai, fanbel ne kawai." Ba ya kwance inji sai ya saurara. Cewa yake wanda ya kwance bai saurara ba, likita ne da ya yanka mutum kafin ya tambaye shi inda ke masa ciwo. A gidanmu ba mai kai mota wani gareji, ko da wanki ne sai mutum ya yi a ɓoye.

Na kai masa bayan an tashi daga makaranta. Ja'irar mota, da muka shiga rumfar sai ta nutsu, injin yana tafiya sumul kamar jiya aka sayo ta. Baba ya ɗora sukundirebarsa nan da can, ya ɗago.

"Lafiyarta lau, Auta. Kunnenki ne dai ke ƙaiƙayi."

Na koma karo na biyu, haka. Raina ya ɓaci sosai, irin ɓacin ran uwar da yaro ya kwana yana zazzaɓi, ana zuwa asibiti ya sauka yana guje-guje. Na ce, "Baba, ni ba mahaukaciya ba ce. Kullum da safe sai ta yi."

"Me kika ce?"

"Da safe! Da safe take yi!"

"Yo sai ki ce da safe tun farko. Abu ne mai son sanyi. Ƙarfe in ya ji zafi kumbura yake, sai ya rufe bakinsa. Ki bar ta nan ta kwana, gobe mu kama ta kafin ta farka."

Na leƙa cikin gida in gaida Mama. Ta ce, "Kin ga mutumin naki? Sai in yi ta kira kamar mai talla, ko waiwaye." Na ce ai Baba tun fil azal abin da yake so shi yake ji. Muka yi dariya, na tafi. A hanyar fita na lura mota ɗaya ce kawai a garejin ban da tawa, tayoyinta sun sace, ramin da ake shiga ƙarƙashin mota kuma ya tara ganye. Na ce a raina kasuwa ce, yau naka gobe na wani.

Washegari ba makaranta, na zo da sanyin safiya. Na tarar ya share rumfar, ya ɗage bonet, ya jera sifanu a kan bencin nan da mai ya mai da shi baƙi. Har da sabon tsumma a kafaɗa. Maƙwabcinsa mai walda yana buɗe shago, muka gaisa.

"Tayar, kada ki taka totur," in ji Baba.

Na murza. Ƙas-ƙas-ƙas-ƙas. A ƙarƙashin rumfar kwano ƙarar ta fi ta kullum, har mai walda ya juyo da kwaɗo a hannu. Daɗi ya kama ni, na fito da sauri in ce wa Baba yau ƙarya ta ƙare.

Ya ɗora sukundireba a saman inji, ya rufe ido. Ya matsar da ita gefe. Ya zagaya ɗaya ɓangaren ya sunkuya. Ina tsaye ina jira ya faɗi sunan cutar. Sai ya ɗago, ya goge hannu, ya yi ɗan murmushi.

"Kin gani ko? Yau ma ta ƙi yi. Tsorona take ji."

Ƙarar tana nan tana bugawa a tsakaninmu. Na kalli mai walda. Bai yi mamaki ba. Sunkuyar da kai kawai ya yi ya shige shagonsa, na gane cewa layin nan kaf an daɗe da sanin kunnen Baba ya yi nauyi, ni 'yar cikinsa ce ta ƙarshe.

Baba ba yaro ba ne. Ya dubi fuskata, ya dubi ƙofar shagon mai walda, murmushin ya tafi.

"Tana yi?"

Na so in ce a'a. Wallahi na so. Amma idonsa yana kan bakina, sai a lokacin na lura cewa kwanan nan bakin mutum yake kallo in ana magana. Na gyaɗa kai.

"Yanzu haka?"

"Yanzu haka, Baba."

Ya mayar da mariƙin ɗaya kunnen. Ya danna har fatar wurin ta lotsa. Ya toshe wancan da yatsa, ya riƙe numfashi. Rugugin injin yana isa gare shi, wannan na gani, don kansa har rawa yake. Siririyar ƙarar ce ba ta shiga. Ya daɗe a haka, ni kuma ina tsaye da makullin gida a hannu, ban san inda zan sa idona ba.

"Zo nan," in ji shi. "Sa kunnenki. Ni zan riƙe, ke ki faɗa min."

Na manna kunnena a katakon da kunnensa ya goge har ya yi santsi. Sai na ji kamar na tura kaina cikin injin niƙa.

"Nan murfin bawul ne. Riƙe abin da kika ji." Ya matsar. "Nan kuma inda salansa ta kama inji. Ina ya fi?"

"Duk ɗaya ne."

"Ba ɗaya ba ne! Saurara. Akwai iska a cikinsa, kamar mai tsaki, ko ƙarfe ne zalla?"

"Kamar... kamar cokali a kofi."

"Cokali! Auta, ina tambayarki inji kina kai ni kicin?"

"To ni me na sani? Ni na ce maka na iya?"

"Ki ɗaga murya!"

Na ɗaga, na maimaita da ƙarfi, har wata mai wucewa ta tsaya kallo. Muna ta yi wa juna ihu a kan buɗaɗɗen inji, shi yana da sanin ba kunne, ni ina da kunnen ba sani. Hawaye suka zubo min, na goge da gefen mayafi kafin ya gani, don na san abin da ya fi tsana ke nan.

Ya ja wayar totur da hannu, injin ya ɗaga. "Ta ƙara sauri?"

"Ta ƙara."

"Duk suna ƙarawa," ya faɗa a hankali, da kansa yake. Ya taɓa fulogai ɗaya bayan ɗaya, a ɗaure suke. Ya zaro ma'aunin baƙin mai, a cike. Ya leƙa bayan inji yana neman baƙin hayaƙin da zai nuna yoyo, wurin ya matse, ba a ganin komai. Ya sake ɗaukar sukundirebar ya jawo kaina.

"Gwada nan. A'a, bari, nan."

Ƙarar ta riga ta fara ja da baya. Ƙas, ƙas, sai shiru. Injin ya ɗumama. Baba bai sani ba, yana ta matsar da bakin ƙarfen daga wannan noti zuwa wancan, yana tambayata nan fa, nan fa. Na bar shi ya yi sau biyu ko uku. Daga baya na dafa hannunsa.

"Ta daina, Baba."

"Tun yaushe?"

"Ɗazu."

Ya sa hannu ta taga ya kashe motar. Ya zauna a bakin benci, ya ɗora sukundirebar a cinya.

"Ɗayan biyu ne," in ji shi. "Ko yoyo ne a bakin salansa, wannan kya iya shekara da shi. Ko kuma mai ne ba ya hawa sama da wuri, wannan yana cin injin a hankali. Sau ɗaya zan ji in faɗa miki wanne ne. Sau ɗaya tak."

"In bar ta ta sake kwana? Gobe zan fi saurara, ka koya min tun yau."

"Shekara nawa kike zato na yi ina koyo?"

"To ka kwance ka duba mana."

Ya kalle ni kamar na zage shi. Zafin injin yana dukan ƙafata, mai walda ya kunna injinsa a can, tartsatsi yana tashi.

Baba ya miƙe ya sauke bonet, ya danna shi da tafin hannu har ya kama.

"Akwai gareji bayan gidan mai, mai jan ƙyaure. Ki kai wa bakaniken wurin da yamma ta kwana a can. Ki ce ya saurare ta da sanyi, kada ya taɓa sifana sai ya ji."

"Baba..."

"In ya tambaye ki me babanki ya ce, ki ce ba ki kawo min ba."

Ya juya ya fara kwashe sifanun daga kan benci yana zubawa a akwati. Na ce, "To, Baba." Bayansa ne a wajena, bai amsa ba.