Ajiyar Jaye Kuku

“Ka ɗauko mini ajiyata,” in ji Jaye.

Hayatu yana durƙushe bakin gadon kara, hannu ɗaya ya tallafe ƙeyar tsohon, ɗayan riƙe da ludayin kunu. Ya yi kamar bai ji ba, ya ƙara matsa ludayin.

“Kurɓi dai, Yaya Jaye. Yau kwana biyu ba abin da ya shiga cikinka.”

Jaye ya kurɓa, ya juya kunun a baki kamar yadda ya saba yi wa kowane abu, ya lumshe ido.

“Tsamiyar bara ce. Geron daga gindin rumbu anka kwaso shi, ya sha raɓa. Ruwan kuma ba na rijiya ba ne, na gulbi ne.”

Daga bayan zana Tala, matar Hayatu, ta tafa hannu. “Oh ni! Baba, kana kwance rai ga Allah, amma harshen nan bai kwanta ba? To, igiyar guga ce ta tsinke, shi ya sa!”

Dariya ta so ta kama Jaye, tari ya riga ta. Da ya lafa sai ya kamo hannun rigar Hayatu, ya riƙe gam.

“Na ce ajiyata, maƙwabci. Kada ka yi mini kurumtar ƙarya, ba ka iya ta ba.”

Duk garin Gidan Rumji ba wanda ya san wannan ajiya sai su biyu da Tala. Kwalba ce guda ta giyar inabi. Giya fa! A gidan Hayatu, mutumin da sahun farko bai taɓa wuce shi ba.

Jaye ya yi shekara talatin yana kuku a Maraɗi, gidan wani Bature mai sayen gyaɗa. Can aka gano baiwar da Allah ya yi masa. Wata rana ya ce wa maigidan kwalbar da aka buɗe ba lafiya gare ta, daga ƙanshi kawai, aka duba, haka ne. Shi ke nan. Duk akwatin da ya iso daga Faransi sai an kira Jaye. In an yi baƙi, a ɗaure masa ido da adiko, a ba shi kofin gilashi mai ƙafa ɗaya, ya sunsuna, ya kurɓa, ya juya ta a baki, ya tofar cikin tasa, sa'an nan ya faɗi ƙasar da aka noma inabin da shekarar da aka tatsa. Turawa su yi ta tafi. Ya sha rantsewa ko ɗigo bai taɓa haɗiyewa ba. Mutanen gari suka ce su dai sun ji, amma wa ya shiga maƙogwaronsa ya gani?

Shekara bakwai ke nan da Baturen ya koma ƙasarsu, Jaye ya tuba, ya dawo gida ba mata ba ɗa, ya kafa bukka jikin dangar Hayatu. Da kwalbar ya zo, kyautar ban kwana. Ya ce ba ya iya kwana ɗaki ɗaya da ita, ba ya kuma iya fasa ta. Hayatu, da shegen jin kunyar baƙo, ya karɓa. Tun ranar yake da-na-sani.

“Mi za ka yi da ita yanzu?” Hayatu ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa. “Yanzu fa, Yaya, da kake bakin hanya?”

“Zauna ka ji.” Jaye ya numfasa. “Ranar da akwatin da take ciki ya iso, an buɗe 'yar uwarta guda. Bauri gare ta kamar ɗanyar kanya, tana ɗaure baki. Duk Turawan da ke teburin sunka yatsine fuska, sunka ce an cuci maigida. Ni kaɗai nic ce a'a. Na ce yarinya ce, a ba ta shekara bakwai. Baurin zai kwanta, ta koma ɗinya nunanniya, da ƙanshin sabuwar fata, da na ƙasa in ruwan fari ya sauka. Sunka yi mini dariya, har da wani mai jan hanci da ya ce baƙin mutum ya san gero, bai san inabi ba.” Ya ƙirga da yatsu. “Bakwai ɗin ta cika bana. So nike in san ko na yi gaskiya. Shi kaɗai.”

“In ta shiga bakinka, kuma rai ya fita a kai fa?”

“Tofarwa zan yi.”

“Kai da ba ka iya tofar da yawu sai an ɗaga ka?”

Jaye ya juya fuska wajen zana, inda hasken hantsi ke shigowa ta huda-huda. Hayatu ya ga hawaye ya gangara ya shige kunnen tsohon, sai zuciyarsa ta karye. Shekara bakwai suna cin tuwo akushi ɗaya. Ya sha ganin Jaye zaune gindin bishiyar bedi yana ba da labarin wata kwalba, hannu na yawo a iska, mutane na zungurar juna suna dariya a ɓoye. Mutum ya san abu sani na gaske, amma ba kowa a garinsu da zai faɗa wa. Tausayinsa ya kama Hayatu, tsoro kuma ya fi tausayin. Idan ya kawo, ya sa hannu a zunubin mai mutuwa. Idan ya hana, ya ci amana, ya bar abokinsa ya tafi da ƙishinsa.

Bayan azahar Hayatu ya nufi zauren Malam Musbahu, limamin unguwa. Hanya duk caɓi, gero ya kai ƙugu a bayan gari. A bakin kasuwa mutane sun yi cincirindo kan rediyon wani mai kanti, ana ta maganar jibi ƙasa za ta karɓi mulkin kanta, Faransi za ta naɗe tutarta. Hayatu ko tsayawa bai yi ba.

Malam ya saurara har ƙarshe, yana jan gemu.

“Shekara bakwai, Hayatu? Kana bayana kana salla, da wannan abu a gidanka?”

“Allah gafarta Malam, amana ce.”

“Amana! Je ka fasa ta a juji.”

“In na fasa, da wane ido zan dube shi?”

Malam ma yana son Jaye, ko da yake bai taɓa faɗi ba. Tun da Jaye ya ce zumar da wani ya kawo masa sadaka an haɗa ta da ruwan rake, aka bincika aka tarar haka ne, yake ganin girmansa.

“Ɗauko ta mu tafi tare,” in ji shi. “Ya sunsuna, ban ce komi ba. Amma in ya kai baki, hannuna ne zai tare. Ba ya zuwa gaban Ubangiji da wannan a harshe ina zaune.”

Da suka iso gida, Hayatu ya shiga madafa, ya taka turmi, ya miƙa hannu can ƙololuwar jinka inda ya rataye ta cikin tsohuwar ragaya. Ta yi baƙi ƙirin da hayaƙi, da ɗumi a jikinta kamar ƙwan da aka ɗauko ƙarƙashin kaza. Tala ta ja da baya tana toshe hanci da gefen zane, ko da yake ba abin da ke tashi.

Aka jingina Jaye da matashi. Ya sa aka buɗe akwatinsa, aka fito da kofin gilashin nan naɗe cikin tsohon rawani. Ya karɓi kwalbar, ya goge ta da babban yatsa. Sai yatsan ya tsaya. Ya ɗaga ta wajen haske. Abin da ke ciki ya sauka ƙasa da kafaɗar kwalbar, matoshin bakin kuma ya bushe ya tsuke, har yana motsi.

“Ina ka aje ta?”

“Madafa. Sama, inda yara ba su kai.”

“A tsaye?”

“A tsaye mana.”

“Hayatu.” Bai taɓa kiran sunansa haka ba. “Ban ce maka kwance ba? Kwance, wuri mai sanyi, gindin randa?”

Sai lokacin maganar ta dawo wa Hayatu, sarai, kamar jiya aka yi ta. Jaye ya ce masa. Wallahi ya ce masa.

“Ka faɗi, Yaya. Tsoro nij ji. Na ce in tana kwance za ta ɗiga, najasa ta taɓa ruwan da muke alwala. Na ɗauka tsaye da kwance duk ɗaya ne.”

Jaye ya taɓa matoshin, sai matoshin ya faɗa cikin kwalbar da kansa. Wani tsami mai kaifi ya cika bukkar, har Malam ya yi atishawa. Jaye ya kai hanci sau ɗaya, ya sauke.

“Ta mutu,” ya ce. “Iska ta shige ta tun tuni. Ta koma ruwan tsami, irin wanda nike zuba ma salak.”

Hayatu ya so ƙasa ta tsage ya shige. Abin da mutumin nan ya jira shekara bakwai, shi ya kashe shi da hannunsa, wai don tsarki.

Malam Musbahu ne ya gyara zama.

“Jaye, tambayarka nike, don nan kai ne malami, ni ɗalibi. Wanga abu, in mutum ya sha shi, yana bugarwa?”

Jaye ya ɗago. Tun da ya dawo garin nan ba wanda ya taɓa yi masa irin wannan tambaya da gaske. Ya zuba kaɗan a kofin, ya karkata shi, ya duba launin da ya koma ja-ja kamar ruwan jima, ya sake sunsunawa a hankali, ya ɗauki lokacinsa.

“Ko ɗan akuya ba ya bugarwa, Allah gafarta Malam. Ƙarfin ya fita duka. Sai dai ya ƙona ciki.”

“Ka tabbata?”

“Shekara talatin ban yi kuskure ba.”

“To, a littafi, giyar da ta juye da kanta ta koma tsami, ta tsarkaka. Ba giya ba ce kuma. Halal ce.” Malam ya janye hannunsa, ya sa cikin riga. “Bismilla.”

Jaye ya dubi kofin, ya dubi Malam, sai dariya ta kece masa, dariya da hawaye tare, ƙirjinsa na ƙara.

“Ka ji ikon Allah! Sai da ta tashi daga abin da nike so, kana anka ce in sha.”

Ya yi bismilla, ya kurɓa. Fuskarsa ta tattare. Bai tofar ba. Ya riƙe ta a baki, ya ja iska ta tsakanin haƙora, ido a rufe, har Hayatu ya fara tsorata. Sa'an nan maƙogwaron ya motsa.

“Na haɗiye,” ya ce, kamar mai mamakin kansa. “Karon farko ke nan.”

“Yaya, ka yafe mini.”

“Yi shiru, kana kore ta.” Ya ɗaga yatsa. “Tsami ne gaba, tsami a tsakiya. Amma can baya... can ƙasa...” Ya lashi leɓe. “Kamar mutum ya tashi daga tabarma ya fita, ka zo ka tarar da ɗumin wurin. Wani ya zauna nan. Ɗinya ce ko ba ita ba, ban iya rantsewa.”

“Ɗinya ce,” in ji Hayatu da sauri. “Na tabbata ɗinya ce.”

“Kai da ba ka rarrabe ruwan gulbi da na rijiya?” Jaye ya yi murmushi, ya miƙa masa kofin. “Bar shi, maƙwabci. Ban sani ba, ba ni kuma sani. Na yafe maka. Ka ce ma Tala ta dama kunu, da tsamiyar bana in akwai.”

Ya sha ludayi uku. Washegari bai ƙara neman komi ba. Ranar da ta biyo, da hantsi, Malam na gefensa yana laƙƙana masa kalmar shahada yana amsawa, rai ya yi halinsa. Daga bakin kasuwa ana jin kalangu da guɗa, ƙasa ta samu mulkin kai. Mutum goma sha ɗaya suka raka shi, sauran duk suna wajen biki.

Da suka dawo daga maƙabarta, Hayatu ya shiga bukkar shi kaɗai. Gadon na nan, an naɗe tabarma. Kewar mutumin ta taso masa. Ya ɗauki kwalbar, ya zuba ɗan kaɗan a kofin, ya sunsuna yadda ya ga ana yi, ya kurɓa, ya rufe ido. Ya jira. Ya ja iska ta haƙora, ya nemi can baya, can ƙasa, ya nema iya nemansa. Tsami kawai ya ji, har idonsa ya kawo ruwa.

Ya yage bakin tsohon rawanin, ya murɗa, ya toshe kwalbar da shi. Ya durƙusa gindin randa, ya share yashi mai laima da tafin hannu, ya kwantar da ita a hankali.