Sista Ba Ta Hawa Motarsu

"Miƙo mini takalmina," in ji Sista.

Mai ɗinki ta tsaya sororo. Ita fa kuka kawai ta shigo yi wa maƙwabciyarta: 'yan sanda sun kama ƙanenta direba, an hana kowa ganinsa, wai har ana jin nishinsa daga waje. Ta manta shaf tsohuwar ta kwana biyu ba ta ko iya zama sai an tokare ta da matashi.

"Mama, ki rufa mini asiri. Likita ya ce kada ki motsa."

"Likitan da na koya wa allura? Takalmi na ce."

Tun da ta bar aikin jinya aka sa Sista cikin kwamitin mutanen gari masu duba ɗakunan tsare mutane. Ba 'yan sanda ke biyan su ba, ba sa kuma neman izini kafin su shiga. Sauran 'yan kwamitin duk sun yi nisa a ranar.

Da suka isa ofishin 'yan sanda, Sajan da ke bakin kanta ya miƙe yana washe baki. "A'a, Mama! Ai mun ji ba ki da lafiya."

"Kun ji daidai. Buɗe."

Ya jawo mata kujera, ta ƙi. Ta dafa kafaɗar mai ɗinki har ƙofar ɗakin, ta ce wa Sajan, "Ɗana, matsa can inda kunnenka ba zai kai ba." Haka take yi kullum. Ta sa kowa ya ɗaga riga, ta duba ɗaya bayan ɗaya, ba ta fara da ƙanen mai ɗinki ba. Da ta zo kan direban, ta taɓa hannunsa da ya kumbura, ta ce:

"Wannan yaron asibiti zai tafi yanzu. Wanda ya yi masa haka kuma zai yi wa kwamiti bayani."

Babban jami'in ya fito, ya ga yadda take haki. Tsakani da Allah tausayi ya ji. "Mama, bari mota ta kai ki gida."

"Na gode, Yallaɓai. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Sa yaron a ciki."

Mai ɗinki ta so ta yi mata faɗa, sai ta ji wata irin ƙaunar tsohuwar ta cika mata ƙirji. A bakin titi suka tsaya cikin rana suna jiran abin hawa, Sista na jingine da ita, ba nauyi ko kaɗan.

Washegari da hantsi Sista ta cika.

Ranar da aka sallami direban daga asibiti, bai shiga gidansu ba. Mai ɗinki ta leƙo ta taga ta gan shi a ƙofar Sista, hannun dama naɗe, rataye a wuya, yana shara da hagu a hankali.