Bajon Kwaɗo Ba Na Musaya Ba Ne

Yarelis, 'yata mai shekara shida, ba ta yi wa baƙo magana. Ko a makaranta kai take gyaɗawa. Shi ya sa duk Asabar nake ɗauko ta daga garinmu Kissimmee zuwa wani babban filin wasan yara, saboda musayar bajo. Ma'aikatan wurin suna rataye igiya cike da ƙananan bajo na ƙarfe a wuya, kuma ba sa hana yaro wanda ya nuna. Amma sai ya buɗe baki ya roƙa.

Yarjejeniyarmu ɗaya ce: ita ke ciniki, ni ina baya, bakina a rufe. Ranar da na taɓa sa baki, sai da ta yi sati uku ba ta kusanci kowa ba.

A igiyarta, na musaya suna dama, na ajiya suna hagu. Na hagun ɗaya ne, koren kwaɗo da kakarta ta saya mata kafin ta rasu.

Ran nan muna inuwa, ina ɓare mata cinyar talotalo, wani mai furfura ya kira ta daga benci. Ba ma'aikaci ba ne. Irin manyan nan ne da ke zama da jaka cike da bajo suna duban wuyan yara.

"Zo, gimbiya. Wannan tsohon kwaɗon naki ai ya gaji da tsalle. Ga uku masu walƙiya, ki ba ni shi."

Ta matsa kusa da shi. Idonta ya kafe a kan wani bajon tauraruwa mai ƙyalli.

"Huɗu ma," in ji shi. Ya ɗago ya dube ni. "Uwar gimbiya, ko an ɗinke bakin gidan ne gaba ɗaya?"

Na cije leɓe. In na yi magana, kwaɗon ya tsira, amma ta koma cikin shirunta. In na yi shiru, abin da aka musanya ba ya dawowa.

Hannunta ya tafi hagu. Ta fara murza robar da ke riƙe bajon ta baya. Maiƙon talotalo na bin yatsuna, ban goge ba. Mutumin ya riga ya miƙo tafin hannu.

Robar ta fita. Ta juyo ta dube ni, na dubi takalmina.

Sai na ji wata siririyar murya.

"A'a. Na kakata ne."

"Me kika ce, gimbiya?"

"Na ce a'a!" Har wata mata mai tura keken jariri ta waiwayo.

Ta zo ta danƙa mini kwaɗon. "Mami, sa shi a jaka, suna kallonsa da yawa."

Na sa shi a aljihun ciki, na ja zif. Kafin in gama, ta nufi wata ma'aikaciya mai sayar da balan-balan, tana nuna igiyar da ke wuyan matar.

"Don Allah, in gani?"

Na tsaya a baya, inda muka yi alkawari.